Bahon ruwan zafi na cikin ɗaki a jirgin ruwa: yana da tsabta kuwa?

Hajiya, kin tambaya ko ya dace ku ƙara kuɗi ku kama ɗakin da ke da bahon ruwan zafi a baranda a jirgin ruwan yawon shaƙatawa, tunda babu mai shiga sai ku. Ni dai ba zan ba ki wannan shawarar ba.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar da rahoto a Oktoban 2024: daga 2022 zuwa 2024, fasinjoji 12 na jirage biyu sun kamu da cutar Legionnaires, wani mugun ciwon huhu, har aka kwantar da 10 a asibiti. Binciken ya kai ga irin waɗannan bahon na baranda. Ƙwayar cutar tana hayayyafa a ruwan ɗumi, digiri 25 zuwa 45 a ma'aunin Celsius, ta maƙale cikin bututu. Ta hanyar shaƙar tururin ake kamuwa, shi ya sa maƙwabcin ɗaki ma bai tsira ba. Bahon jama'a kuwa ana yawan auna kulorinsa, wato sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da ake zubawa a ruwa, na ɗaki dokar ba ta matsa masa haka ba a lokacin.

In Alhaji ya haura hamsin ko yana da daɗaɗɗen ciwon huhu, ku haƙura kawai. In kuma kun shiga, zazzaɓi da tari suka biyo baya cikin mako biyu, ku gaya wa likita inda kuka yi wanka.