Tiraka ta ce motar ta yi yawon dare, in sallami direban?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da motocin ɗaukar kaya guda tara, duk mun saka musu tiraka, wato na'urar da ke nuna inda mota take. Abu uku ne suka ɗaure min kai a kan mota ɗaya. Rahoto ya nuna ta motsa da ƙarfe biyun dare alhali tana kulle a gareji. Kilomitar da tiraka ta ƙirga ba ta kai ta mitar motar ba. Sannan man tanki ya sauka lita 30 a kan hanya, jim kaɗan ya koma yadda yake. Direban ya rantse bai san komai ba. In sallame shi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Dakata tukuna, kada ka karɓi makullin daga hannunsa. Duk abubuwa ukun nan na'urar tana iya yin su da kanta, direba yana can yana sharar barci.

Tiraka ba ganin motarka take yi ba, lissafi take yi. Taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda Amurka ke gudanarwa, suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa. Na'urar tana sauraron aƙalla huɗu daga cikinsu, ta auna tsawon lokacin da saƙon kowanne ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta ce ga inda take. Tirakokin zamani suna haɗawa da wasu taurarin irinsu, wato GLONASS na Rasha, da Galileo na Tarayyar Turai, da BeiDou na Sin. A fili, inda babu abin da ya tare sama, kuskuren 'yan mitoci ne. Amma ka shigar da mota ƙarƙashin rufin kwano ko tsakanin dogayen gine-gine, sai saƙon ya riƙa bugun bango yana karkatowa, ya iso a makare. Nan ne za ka ga ɗigon motar a taswira yana tsalle-tsalle kamar fara, yanzu a bayan katanga, an jima a tsakiyar titi. Wasu manhajojin har gudu suke ƙirƙira mata: idan ɗigon ya yi tsallen mita 500 cikin daƙiƙa 10, lissafi zai ba da kilomita 180 a awa, ga mota ko tayarta ba ta juya ba.

To ta yaya za ka gane? Buɗe cikakken bayanin wannan daren, ka bar taswirar, ka duba ƙarfin batir ɗin motar. Batir mai bolt 12 yakan nuna kusan 12.6 idan injin a kashe yake, da an tayar kuma altaneta ta ɗaga shi zuwa wajen 14. Manyan motoci masu bolt 24, ka ninka. Idan lambar ba ta ɗaga ba duk daren, babu wanda ya tayar da motar nan. Ka kuma dubi siffar layin: tafiyar gaske titi take bi, tana da farko da ƙarshe. Ta ƙarya kuwa cukurkuɗaɗɗen zare ne a wuri ɗaya.

Batun kilomita ya fi sauƙi. Tiraka ɗigo-ɗigo take ajiyewa, sai ta ja miƙaƙƙen layi a tsakani. Idan an saita ta tana aiko da bayani duk minti ɗaya, mota mai gudun 60 ta ci kilomita guda kafin ɗigo na gaba, duk kwanar da ke ciki an yanke ta. Ita kuma mitar mota juyin taya take ƙirgawa, taya da ta cinye ko wadda aka canja girmanta tana sauya lissafin. Ɗan bambancin da ba ya canjawa wata bayan wata ba abin damuwa ba ne. Wanda ya kumbura rana ɗaya shi ake bincika.

Mai shi ne inda aka fi zaluntar direbobi, kuma, gaskiya, shi ne inda aka fi cutar masu motoci. Sandar awon da ke cikin tanki tsayin man take aunawa, ba yawansa ba. Mota ta hau tudu ko an taka birki, man ya kwarara gefe guda, sai awon ya faɗi, ta daidaita ya dawo. Ka ce da bakinka lita 30 ɗin nan sun dawo, ai ɓarawo ba ya mayar da mai. Zuƙar mai ta sata tana da kamanninta: mota a tsaye, injin a kashe, layin awon mai a rahoto ya gangara cikin 'yan mintoci ya zauna a ƙasa. Ko wannan ma ba zan yarda da shi ba sai na tabbatar an daidaita sandar da tankin, wato an zuba mai kaɗan-kaɗan da ma'auni ana rubuta abin da ta nuna. Masu saka na'ura da yawa suna tsallake wannan aikin don yana cin lokaci.

Idan kana son shaidar da ta fi ƙarfi, a haɗa tirakar da kwamfutar motar. Ƙananan motoci suna da soket ɗin OBD-II mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, wanda ya zama dole a Amurka tun 1996, manyan kuma galibi tsarin J1939 suke bi. Ta nan za ka samu juyin injin da man da ya ƙona. Ka kwatanta man da ya ƙona da rasidin gidan mai da awon tanki, idan biyu suka yi daidai ɗaya ya bauɗe, ka san inda za ka tono.

Abin da ni zan sa wa ido a motocinka tara shi ne awannin da injin ke aiki mota tana tsaye. Babbar mota tana iya shan wajen lita 3 a awa a haka, ba a sace ba, ba a kuma yi tafiya ba. Ciro rahoton wata guda na dukansu ka jera, sannan ka kira direban nan ku zauna gaban allo, ka nuna masa ƙarfin batir na daren da ake magana.