Kafin a zana maka tatu a damtse

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ya kamata ka duba kafin ka yi tatu. Ka fara da sanin cewa ba kamar lalle yake ba. Allura ce ke cusa tawada can cikin fata, ta zauna har tsufa. Cire shi da na'urar leza akwai tsada, sai an yi ta komawa, kuma a baƙar fata yakan bar fari-fari.

Allurar ce ta fi damuna. In an taɓa yi wa wani da ita, tana iya sa maka ciwon hanta na B ko C, har da ƙanjamau. Sabuwa za a buɗe a gabanka. Mutane da yawa kuma sukan manta da tawadar, alhali ita ma bai kamata a tsoma allurar wani a cikinta ba.

In rauni yakan warke maka da tabo mai tudu, ko kana da ciwon suga, ka ga likitan fata tukuna. Bayan an yi, mugunya ko zazzaɓi na nufin asibiti nan take.

Rundunar sojan Najeriya ba ta ɗaukar mai tatu. In kuma Musulmi ne kai, akwai hadisi a Bukhari da Muslim da ya hana, sai ka zauna da malami.