Hukuncin Yi Wa Tsohuwa Tiyata Bayan Karayar Ƙugu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifiyarmu mai shekara 79 ta faɗi a banɗaki ta karye a ƙugu. Likitoci sun ce sai tiyata, yayyena kuma suna cewa a bar ta ga mai ɗori, kai tsohuwa ɗakin tiyata ganganci ne. Me shari'a ta ce?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ta lafiya. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Usama ɗan Sharik cewa Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani, domin kowace cuta tana da magani in ban da tsufa. Tsufan ne ba shi da magani, amma karayar da ta samu tsohuwa cuta ce mai magani. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce magani yana wajaba idan barinsa zai kai ga halaka ko nakasa, yana zama makaruhi idan ana tsoron illarsa ta fi cutar.

Don haka ba shekaru za ku ƙirga ba. Likita zai auna zuciya, huhu, ƙoda, yawan jini da suga, ya tambaya ko kafin faɗuwar tana zuwa banɗaki da ƙafarta, tana cin abinci, tana gane mutane. Mai 79 da ke share tsakar gidanta ta fi mai 65 da ya shekara a kwance jure aikin tiyata. Ku tuna barin ma yana da haɗari: wannan karaya sau da yawa ba ta haɗewa da ɗori, doguwar kwanciya kuma tana jawo gyambo, ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa. Shi ya sa ake so a yi aikin cikin awa 48. Idan ƙwararru sun rinjayar da amfaninsa, haram ne 'ya'ya su hana.

Izini kuwa nata ne muddin tana cikin hankalinta. A yi mata bayani, kada a yanke a bayan idonta. In hankalin ya gushe, waliyyi ya zaɓar mata maslaharta.

Ku kai wa likita duk maganin da take sha, har jiƙe-jiƙen gida, musamman masu tsinka jini irin su Warfarin, domin ɓoyewa kan jawo zubar jini. In an ce ta bar abinci awa 6 da ruwa awa 2 kafin aiki, kada tausayi ya sa a ba ta kunu. Yana iya komawa huhu.

Idan aikin zai cinye lokacin la'asar, Malikiyya sun halatta wa mai tsoron gushewar hankali ya haɗa ta da azahar. Abin da ya kuɓuce saboda allurar barci, ta rama, ya fi tsantseni. Bayan aiki ta yi taimama in ruwa zai wahalar da ita, ta yi salla a zaune ko a kishingiɗe bisa hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari. In ta wayi gari tana sambatu ba ta gane ku, wannan ruɗewa sananniya ce ga tsofaffi bayan tiyata. Ku yi mata addu'a, amma ku kira ma'aikacin jinya nan take, domin zazzaɓi ko ƙarancin ruwa na iya zama sanadi.

Allahu a'alam.