Allurar fitsari ga saniya mai kumburin hantsa

Wani mai kiwo daga wajen Funtuwa ya ce karsanarsa ta yi haihuwar fari, hantsa ta kumbura tim har gaban cibiya, sai ya siyo Lasix, maganin sa fitsari, ya dinga yi mata allura kusan sati guda, kumburi ya sace amma yanzu ta daina cin abinci, ƙafafu na rawa, tashi ma sai an ɗaga ta.

Toh malam, dan Allah ka tsayar da allurar nan yau ɗin nan. Furosemide, wato Lasix ɗin, aikinsa a ƙoda yake, yana hana ta mayar da gishiri cikin jini sai ruwa ya bi gishirin ya fita ta fitsari, shi ya sa ka ga hantsa ta saki. Amma fa ba ruwa kaɗai ke fita ba, sinadaran da jiki ke buƙata irin su fotashiyam da kalsiyam da maganiziyam duk suna tafiya tare. Ita kuma saniyar da ta haihu dama kalsiyam ɗinta nono ke kwashewa, ka ga an haɗa mata zafi biyu kenan. Fotashiyam kuwa daga ciyawa take samunsa kullum, in ta daina ci ga allura na zubar da wanda ya rage, dole jiki ya mutu, ƙarancinsa har zuciya yana iya taɓawa.

Ka kira likitan dabbobi ya gan ta. Kar ka yi mata kalsiyam ta jijiya da kanka, in aka tura shi da sauri yana tsayar da zuciya. Kafin ya zo ka ajiye mata ruwa wadatacce da ɗanyar ciyawa da harawar wake ko ta gyaɗa, in tana kwance a riƙa juya ta. Nonon kuma kar a sha, kar a sayar sai an yi kwana 2 da allurar ƙarshe. Gaba in ta kusa haihuwa a rage mata kanwa da gishiri, in ta haihu a yawaita tatsa da murza hantsa, yawanci kumburin da kansa yake sauka.

Akwai kuma mai tambaya kan tunkiya da ƙasan haɓarta ya tara ruwa, ko ya yi mata wannan allura? A'a sam. Wannan galibi tsutsar ciki ce ko ta hanta ke shanye mata jini, maganin tsutsa take so da abinci mai kyau, in tana zawo ma allurar ƙarasa ta za ta yi.