Amsar tambayar Auta kan ƙarshen Game of Thrones

Assalamu alaikum jama'ar gida. Auta, na ji saƙonka, wai ko ka fara kallon Game of Thrones, fim ɗin nan na Amurka mai dogon zango, tunda kowa yana zagin ƙarshensa. Ni na san abin da kake tambaya: kada ka ƙona data da barcinka a kan kashi 73, daga baya ka zo kana cizon yatsa. To ka kalla. Amma ka saurare ni da kyau, don Yaya Babba ya riga ya faɗa a nan cewa ƙarshen ba shi da aibi, mutane ne kawai ba sa son gwanarsu ta mutu, kuma ban yarda da wannan magana ba ko kaɗan. Wanda bai kalla ba kuma ba ya son a tona masa, ya tsallake muryar nan tun yanzu.

Yaya, da girmanka, ba mutuwar Daenerys, sarauniyar nan mai dodanni, ce ta ɓata mana rai ba. Fim ɗin da ya sare kan Ned Stark tun zangon farko, wanda muke ɗauka shi ne jarumin, ai ya riga ya koya mana haƙurin rashi. Gaggawa ce matsalar. Ka duba lissafin: daga 2011 da aka fara, zango shida na farko kowanne kashi 10 ne. Zango na bakwai ya dawo kashi 7, na takwas kashi 6. Wato daidai lokacin da labari ya fi buƙatar fili, lokacin aka matse shi. Kamar tela ne ya yi wata da watanni yana aikin babbar riga, zare bayan zare, sai daren jajibirin sallah ya haɗa wuyan a tsaitsaye ya miƙo maka. Kuma ba kuɗi ne suka ƙare ba, tashar HBO ta so a ƙara, shi kansa marubucin littattafan da aka ɗauko fim ɗin daga ciki, George R. R. Martin, ya ce labarin zai iya wuce zango goma. Masu shiryawa, Benioff da Weiss, su suka zaɓi su rufe a haka. Sannan littafi biyar kawai mutumin ya fitar, na biyar ɗin tun 2011, saboda haka fim ɗin ya wuce littafi ya ci gaba da tafiya ba jagora.

Ɗauki Daenerys ɗin. Ba na cewa babu alamar zafin zuciya a tare da ita, akwai, ta gicciye iyayengijin bayi a Meereen, ta ƙona Randyll Tarly da ɗansa don sun ƙi durƙusa mata. Amma ka tuna ƙarshen zango na huɗu? Wani makiyayi ya shigo fada da ƙunshi a hannu, ya buɗe a gabanta, ƙasusuwan 'yarsa ne ƙonannu, dodonta ya kashe ta. Matar nan da hannunta ta ja dodanninta biyu cikin kurkukun ƙasa ta sa musu sarƙa, tana hawaye, saboda yarinya ɗaya. Yarinya ɗaya fa! To ita ce a kashi na biyar na zangon ƙarshe, babban birnin ƙasar da ta zo ci da yaƙi ya miƙa wuya, an kaɗa ƙararrawa, sojoji sun zubar da takubba, sai ta bi layi-layi tana ƙona mata da yara. Ina hanyar da ta kawo ta nan? A ba ni zango guda in ga zuciyarta tana ƙeƙashewa a hankali, wallahi zan karɓa. Amma a kashi biyu?

Wanda ya fi ci mini rai ma ba ita ba ce, Jaime ne, jarumin nan dogarin sarki. Kai, Jaime! Mutumin da muka tsana tun kashin farko don ya turo yaro daga taga. Aka sare masa hannun dama, aka wulaƙanta shi, sannan a wurin wankan nan na zango na uku ya gaya wa Brienne, jarumar da ke rakiyarsa, dalilin da ya sa ya kashe mahaukacin sarki: sarkin ya ba da umarni a cinna wa birnin wuta da mutanen cikinsa duka. Ya ɗauki sunan maci amana shekara da shekaru don ya ceci talakawan da ba su ma san ya cece su ba. Ranar nan na ajiye waya na yi shiru. Shekaru ana gina mutumin nan, ya rabu da Cersei, 'yar'uwarsa kuma masoyiyarsa da ke kan karagar mulki, ya hau doki shi kaɗai ya tafi arewa don ya cika alkawari. Sai a ƙarshe a sa masa a baki wai shi dama bai taɓa damuwa da mutanen garin ba, ya koma wajenta gini ya rufta musu. Idan bai damu da su ba, don me ya kashe sarkin? Har yau ba wanda ya amsa mini wannan, kuma Yaya kai ma na tambaye ka tun lokacin, ka ce in bari sai an sha ruwa, don ƙarshen ya faɗo cikin azumin 2019 ne, 19 ga Mayu. To an sha ruwa an yi sallah, ina nan ina jira.

Batun yaƙin dare na kashi na uku na zangon ƙarshe kuma, wanda duhu ya hana mu ganin komai a waya, da kofin shayin zamani da aka manta a kan tebur a kashi na huɗu… bar wannan ma, ƙananan abubuwa ne. Ba su ne suka sa mutum sama da miliyan ɗaya sa hannu a intanet a sake zangon ba. Kuma fa kashin ƙarshe mutum miliyan 19 da ɗoriya suka kalla a Amurka a daren, ka ga ba 'yan hassada ba ne, masoya ne suka ji ciwo.

Bari in gyara wata magana kada Auta ya ɗauka ina cewa tsawo shi ne kyau. A'a. Namu na gida ciwonsu kishiyar wannan ne. Fina-finanmu masu dogon zango na YouTube, matuƙar ana kallo talla tana shigowa, ba mai son ya rufe. Rigimar da za a kashe a zama ɗaya sai a ja ta wata uku, a yi ta maimaita abin da ya faru makon jiya. Kuma idan labari ya daɗe, rayuwa tana shiga tsakani. Kun ga Labarina, Nafisa Abdullahi ta bar shi a 2022, aka kawo Fati Washa ta ci gaba a matsayin Sumayya, ta yi ƙoƙari, amma mai kallo sai ya sake sabawa da sabuwar fuska a tsakiyar tafiya. Abin da nake nema a wajen marubuci shi ne ya san inda za shi tun kafin ya tashi, ya ba kowane mataki haƙƙinsa. Breaking Bad, wani fim ɗin Amurka mai dogon zango, kashi 62 ne, ya ƙare a 2013, jaruminsa malamin makaranta ya lalace a gaban idonka sannu a hankali, da aka zo ƙarshe ba ka ce an yaudare ka ba.

Saboda haka Auta, zango na ɗaya zuwa na huɗu ka kalla da natsuwa, da wuya ka sami irinsu. Na biyar da na shida akwai rauni amma akwai manyan wurare. Sauran biyun ka kalla don ka san yadda ta kaya, ka zo mu yi musu da Yaya. Abu ɗaya, kuma da gaske nake: akwai tsiraici da zubar da jini sosai, musamman a farko. Kada ka kunna shi a falo, kada ka bar shi a wayar da yaran Anti suke ɗauka, kuma wuraren da ba su dace ba ka tura gaba, ba abin da za ka rasa na labari. Tambayarka ta biyu kan masu barkwancin Netflix, wannan zance ne mai tsawo, an kira sallah, sai na dawo.