Wai da gaske jirgin ƙasa ya taɓa tsayawa a Rahama?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Kakana kullum sai ya ce wai a tashar Rahama ya hau jirgin ƙasa ya zo Jos yana yaro, mu kuma jikoki sai mu yi ta dariya don mun sha bin hanyar Saminaka ba mu taɓa ganin ko ƙarfen dogo ba. Gaskiya ne ko dai tsufa ne? Daga mai karatu, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ku je ku ba tsoho haƙuri, shi ke da gaskiya. Akwai layin dogo da Turawa suka ja daga Zariya, ya iso Rahama a 1912, ya hau dutse ya shigo Jos har ya tiƙe a Bukuru a 1914. Sunansa ma abin dariya, layin Bauchi ake ce masa alhali ko hanyar garin Bauchi bai kama ba, kawai dai lokacin duk tsaunukan nan namu a ƙarƙashin lardin Bauchi suke.

Kuma fa ba don kakanka aka yi shi ba, don kuza aka yi. Kafin jirgin, a ka 'yan dako ke ɗaukar kuzar, wasu da jakuna, kwana da kwanaki har Loko a bakin Binuwai, to ka ga dole Bature ya nemi mafita. Sai dai an yi rowa wajen aikin, faɗin layin ƙafa 2 da inci 6 ne kacal, babban layin Legas zuwa Kano kuwa ƙafa 3 da inci 6, shi ya sa in kaya sun isa Zariya sai leburori sun sauke sun sake lodawa a wani tarago, wahala biyu kenan.

A 1927 babban layi ya ɓullo Jos ta Kafanchan, kuza ta koma bin hanyar Fatakwal kai tsaye, kwal ɗin Inugu kuma yana hawowa. Tun daga nan ƙaramin jirgin ya zama ɗan bora, ya dai ci gaba da lallaɓawa da fasinja da kayan gona, motoci kuma suna ƙwace masa kasuwa, har aka rufe shi a 1957 aka kwashe ƙarafan. Tashar Rahama da shi ta tafi.

In kuna son gani da ido, ku ɗauki tsohon a Keke Napep ku kai shi gidan tarihi na Jos, kusa da gidan zu, akwai tsofaffin kawunan jirgin a ajiye. Ku tafi da rikoda don Allah.