Kafin a Sayar da Filin Rigasa

Assalamu alaikum, Nasiru.

Saƙonka ya same ni ina aikin dare, shi ya sa ban kira ka ba, don maganar ta fi ƙarfin minti biyar a waya. Ka ce ka gama bautar ƙasa, digirinka na fiziks yana hannu, kuma tun ranar da ka kalli bidiyon babbar na'urar nan ta CERN, cibiyar binciken fiziks ta Turai da ke Jeneba a Suwizalan inda nake aiki, barci ya ƙaurace wa idonka. Sai kuma wani ejan da ya ce zai samo maka biza da aiki a Jeneba in an ba shi miliyoyi, har kana lallaɓa Yaya ta sayar da filinta na Rigasa.

Kada a taɓa filin nan. CERN ba ta ɗaukar kowa ta hannun ejan. Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da ke da kujera a cibiyar, guraben ma'aikata kuwa na 'yan ƙasashen da ke zuba kuɗinsu ne. Ni kaina da kake ganin hotunana da hular kwano, ba CERN ke biyana albashi ba, jami'ar da na yi digiri na uku ce ta turo ni. Dubban masu bincike da ke shiga ƙofar nan haka suke, kowa da jami'ar da ta ɗauki nauyinsa. Ejan ɗinka ko bai san wannan ba, ko ya sani yana so ya yi maka sakiyar da ba ruwa.

Amma sha'awarka ta faranta min rai, don haka bari mu yi maganar na'urar kanta. Ka tuna talabijin mai doro da ke falon Alhaji a Tudun Wada, wadda mai gyara yake hana mu taɓa bayanta ko an kashe ta? Wannan na'urar hanzarta ƙwayoyi ce, ƙarama. A can cikin wuyan kwalbar akwai waya mai zafi da ke sakin ilektiron, ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, wutar da ta haura bolt 20,000 ta fizge su zuwa gilashi, maganaɗisu kuma ya riƙa karkata su dama da hagu har hoto ya fito. Lantarki ya tura, maganaɗisu ya lanƙwasa, a cikin bututun da aka zuƙe wa iska. Duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa a nan, wannan dabarar ce aka faɗaɗa.

Matsalar ita ce ba za ka iya tara bolt miliyan dubu a wuri guda ba, tartsatsi zai tashi ya ƙone komai. Sai aka koma dabarar lilo. Yaron da ke kan lilon sallah ba turi ɗaya ake yi masa ba, kaɗan-kaɗan ne, amma daidai lokacin da ya iso. A 1931, a Kalifoniya ta Amurka, Ernest Lawrence da ɗalibinsa suka haɗa na'urar da faɗinta bai wuce tafin hannu ba, ƙwayar tana zagaye kamar dutse a majajjawa, duk zagaye a ƙara mata turi. Maganaɗisu shi ne igiyar majajjawar. Dutse na ƙara ƙarfi, dole igiya ta ƙara ƙwari ko a ƙara mata tsawo. Dalilin da ya sa zoben LHC, wato babbar na'urar da ka gani a bidiyo, ya kai kilomita 27 ke nan, wajen kashi ɗaya cikin uku na tafiyar Kaduna zuwa Zariya, a rami mai zurfin kimanin mita 100 da ya ratsa iyakar Faransa da Suwizalan.

Abin da ya ba ni dariya ranar farko shi ne mafarin duk wannan hidima: kwalbar iskar haidurojin, wadda ba ta kai tukunyar gas ɗin kicin ɗin Yaya ba. Daga cikinta ake samo furoton, ƙwayoyin da ake sa su yi karo da juna, a bi da su ta na'urori huɗu kafin su shiga babban zobe. Ɗaya daga cikinsu tun 1959 take aiki, ta girmi 'yancin kan Nijeriya. A babban zoben akwai maganaɗisu 1,232 masu lanƙwasa hanya, kowane tsawonsa mita 15, nauyinsa wajen tan 35. Wutar da ke bi ta cikinsu ta kai amfiya 11,000, wadda za ta narkar da wayar tagulla nan take. Don haka ake amfani da wayar niyobiyam da titaniyam, a jiƙa ta da ruwan hiliyam har sanyi ya kai digiri 271 ƙasa da sifili, ya fi na sararin samaniya. A wannan sanyin wuta na wucewa ba tare da waya ta yi zafi ba. Furoton na zagaya zoben sau 11,245 a daƙiƙa ɗaya, tazarar gudunsa da na haske ba ta wuce mita 3 a daƙiƙa ba. Ka lura, a can ƙarshe duk turin da ake yi ba gudu yake ƙara masa ba sai ƙarfi, kamar yadda Einstein ya lissafa. Abin da kuka haddace don jarrabawa, mu da shi muke saita maganaɗisu kullum.

Yanzu ga abin da bidiyon bai nuna maka ba. An kunna LHC ranar 10 ga Satumba, 2008, duniya na tafi. Kwana tara tsakani, mahaɗar waya guda tsakanin maganaɗisu biyu ta yi zafi ta narke, wajen tan 6 na hiliyam ya ɓalle, ya tumɓuke maganaɗisu daga mazauninsu. Sai da aka fito da 53 daga rami, ba a sake kunna na'urar ba sai Nuwamban 2009. Haɗin waya ɗaya, Nasiru! Ƙwayar Higgs, wadda masana suka daɗe suna nema aka kuma sanar da gano ta ranar 4 ga Yuli, 2012, ta zo ne bayan masu walda da masu haɗa waya sun bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya suna gyarawa.

Ni ma na taɓa nawa. A shekarata ta farko a wani ɗakin gwaji, na cire safar hannu don in ɗaure wani noti, yatsana ya taɓa cikin bututu. Muka rufe, muka kunna famfon zuƙe iska, allura ta ƙi sauka inda ake so. Kwana biyu ina zagaya mahaɗai da siririn tiyo ina fesa hiliyam, ina kallon mita ko zan ga inda ke yoyo. Babu yoyo ko ɗaya. Maiƙon yatsana ne ke ta fitar da tururi a ciki. Wani dattijon makaniki, wanda ko digiri ba shi da shi, ya kwance bututun, ya ɗaga shi saitin fitila, ya nuna min zanen yatsana raɗau, sannan ya miƙo min sabuwar safa bai ce uffan ba. Ranar na tuna mutanen Panteka. Wallahi akwai masu hannun da in an ba su horo da kayan aiki masu tsabta za su zauna daram a wannan sana'ar. Saboda haka ka tambayi kanka wanne kake so: lissafin abin da ke fitowa in furoton sun yi karo, ko gina na'urar da kula da ita? Hanyoyi biyu ne daban, kuma ta biyun ta fi ƙarancin cunkoso.

Ta biyun ce ma nake maka sha'awa, ga dalilina. Na'urorin hanzarta ƙwayoyi a duniya sun haura 30,000, kuma mafi yawansu ba na bincike ba ne, suna asibitoci da masana'antu. Injin da ake ƙona ciwon daji da shi ɗan'uwan LHC ne: yana tura ilektiron a gajeren bututu, su daki ƙarfen tangistin, haske mai ratsa jiki ya fito a saita shi kan ƙari. Kana ƙarami lokacin jinyar Gwaggo, Allah ya jiƙanta. An ba mu rana a wani asibiti, muka yi sammako daga Kaduna, muka tarar inji ya tsaya, ana jiran injiniya daga ƙasar waje. Sati bakwai muna jira. Likitoci na nan, majinyata na kwance a baranda, wanda zai buɗe injin ya gane ciwonsa ne babu. Duk lokacin da nake aikin dare a nan sai barandar nan ta faɗo min a rai.

To ta ina za ka fara? Daga gida. A Zariya, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar tukunyar nukiliya da ke aiki tun 2004. Ba na'urar hanzarta ƙwayoyi ba ce, amma a can za ka koyi auna haskoki masu illa da kare kai daga gare su. A Ile-Ife, cibiyar makamashi ta Jami'ar Obafemi Awolowo tana da na'urar hanzartawa ta gaske mai bolt miliyan 1.7, da ake gano sinadaran da ke cikin ƙasa da duwatsu da ƙura. Wanda ya yi digiri na biyu a ɗayan wuraren nan, ya taɓa inji da hannunsa, takardarsa ta fi nauyi a idon farfesan Turai fiye da wanda ya rubuta cewa tun yana yaro yake son kimiyya. Kowa haka yake rubutawa.

Daga nan ƙofofin da na sani na gaskiya ne, kuma ba a biyan ko kwabo wajen nema. Akwai cibiyar nazarin fiziks ta ICTP a Tiriyeste ta Italiya, wadda Abdus Salam na Pakistan ya kafa a 1964, tana da difloma ta shekara ɗaya ga ɗaliban ƙasashe irin namu, da kuɗin jirgi da na abinci. Akwai makarantar fiziks ta Afirka da aka fara a Afirka ta Kudu a 2010, aka yi a Kumasi a 2012, a Dakar a 2014, tana zagayawa duk shekara biyu; malamai da yawa daga nan suke zuwa, kuma suna riƙe sunan ɗalibin da ya yi tambaya mai ma'ana. CERN kanta tana da shirin ɗaliban bazara da ke karɓar 'yan ƙasashen da ba mambobi ba, amma sai kana ɗalibi mai rajista, wani dalilin ke nan na komawa aji. In ka kai matakin ƙwarewa, akwai makarantar JUAS a nan kusa da mu, mai koyar da ilimin na'urorin zalla. A Afirka ta Kudu kuma akwai iThemba LABS, cibiyar da ke da irin waɗannan na'urori, kusa da Kef Tawun.

Kafin nan, ɗauko littafinka na lantarki da maganaɗisu ka sake bin lissafin Maxwell da biro da takarda, ba don jarrabawa ba. Ka koyi Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, har ka iya zana hanyar da furoton zai bi a cikin maganaɗisu; tsohuwar kwamfutarka ta isa. Ka fara taɓa Faransanci, don a ofis Turanci ake yi, amma mai gidan haya da mai burodi ba ruwansu.

Zaman nan kuwa, kada hoto ya ruɗe ka. Jeneba na cikin biranen da suka fi tsada a duniya, shi ya sa nake kwana a ɓangaren Faransa ina shigowa da keke. A hunturu ƙarfe biyar ta yi duhu ya rufe, in azumi ya faɗo a Yuni kuwa sai bayan tara na dare ake shan ruwa. Sallar Juma'a sai ka tsara aikinka tun Litinin.

Turo min sakamakonka na shekara huɗu, da sunayen malamai biyu da suka san ka sosai har za su iya rubuta maka takardar shaida. Gobe bayan la'asar ɗinku zan kira Yaya da kaina kan maganar fili, kada ka riga ni. In kuma mai zuwa ya samu, a sako min yajin ƙuli da daddawa, nawa ya ƙare tun watan jiya.

Kawunka.